Hasumiyar Hatteras: Yadda Aka Janye Gini Mai Tan 4,830 Daga Bakin Teku

Ranar 17 ga Yuni, 1999, jama'a sun yi dafifi a bakin teku a garin Buxton na jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, kowa ya zuba wa wata doguwar hasumiya ido. Ginin jan bulo ce, tsawonta ƙafa 198, wato mita 60 da ɗoriya. Wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina, ya ƙiyasta huɗu irinta an ɗora wata kan wata. Nauyinta tan 4,830. Kusan shekara 129 ke nan tana kafe wuri ɗaya tana haska wa jiragen ruwa hanya. Bayan azahar injiniyoyi suka kunna na'ura, sai ga hasumiya ta fara tafiya. Kafin a tashi aiki ta gusa ƙafa 10. Ranar 9 ga Yuli, kwana 23 da farawa, ta isa sabon mazauninta, ƙafa 2,900 daga inda magina suka kafa ta, tana tsaye ƙyam.

Jan ya ci kwana 23, amma gardamar da ta gabace shi ta kusa shekara 20. Gardamar ce ta ja hankalina, domin duk waɗanda suka yi ta masoyan hasumiyar ne, babu mai son ta faɗi. Abin da ya raba su shi ne yadda za a cece ta: a tsaya a kare ta inda take, ko a ɗauke ta a bar wa teku wurin.

Dalilin gina ta

A gaban gaɓar Karolina ta Arewa akwai jerin siraran tsibirai na yashi da ake kira Outer Banks, sun miƙe kamar zare tsakanin tekun Atlantika da babbar ƙasa. A Cape Hatteras tsibirin ya yi gwiwa ya kutsa cikin teku, kuma daga gwiwar nan wasu tuddan yashi da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, Diamond Shoals, suka zarce fiye da mil 10. A wajen ne ruwan ɗumi mai tasowa daga kudu yake karo da ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa. Jirgin da ya nufi kudu, don kada ya yi ta kokawa da ruwan da ke tura shi baya, sai ya raɓi gaɓa, raɓar kuwa ita ke kai shi kan tuddan. Jiragen da suka halaka a nan sun yi yawan da aka laƙaba wa wurin suna Maƙabartar Atlantika. A cikinsu har da jirgin yaƙin nan mai sulke, Monitor, wanda ya nutse a ranar ƙarshe ta 1862.

A 1794 majalisar dokokin Amurka ta amince a gina hasumiyar fitila a wurin, aka kunna ta a 1803. Gajeriya ce, ƙafa 90, haskenta kuma ba ya kai wa inda ake bukata. Matuƙa jirgi suka yi ta kuka da ita. Wani hafsan sojan ruwa, David Porter, ya rubuta a 1851 cewa babu fitilar da ta fi ta muhimmanci a gaɓar ƙasar, kuma babu wadda ta fi ta lalacewa a duniya. Aka ƙara mata tsawo zuwa ƙafa 150, aka sa mata gilashin tattara haske irin wanda Bafaranshen nan Augustin Fresnel ya ƙirƙiro, mai ɗaruruwan yankakkun gilasai da ke haɗa hasken fitila guda su harba shi nesa. Bayan yaƙin basasa aka ga gyaranta ya fi sabon gini tsada da wahala, sai aka soma sabuwa a 1868, aka kunna ta a Disamban 1870, aka rushe tsohuwar a farkon 1871.

Bulo kimanin miliyan 1.25 ta ci, kuma har yau babu hasumiyar fitila ta bulo da ta kai ta tsawo a Amurka. A 1873 aka yi mata fentin baƙi da fari mai naɗewa daga ƙasa zuwa sama kamar rawani. Fentin yana da aiki. Da rana, lokacin da ba a ganin haske, shi ke gaya wa matuƙi inda yake: ta tsibirin Bodie zanenta a kwance yake, ta Cape Lookout darin-dara ne na baƙi da fari, ta Currituck an bar ta da jan bulonta, ta Ocracoke fara fat. Da dare kuwa kowace da yadda haskenta ke walƙawa.

Mutane ne suke riƙe da wannan haske. Mai tsaron fitila da mataimakansa suna zaune da iyalinsu a gidajen da ke gindin hasumiyar. Kullum sai an hau matattakala fiye da 250 da garwar mai a hannu, a goge gilasai ɗaya bayan ɗaya, a murɗa nauyin da ke juya gilashin kamar yadda ake wa tsohon agogo wani, a kunna da faɗuwar rana, a zauna gadi har gari ya waye. Sai a 1934 lantarki ya iso. Unaka Jennette, babban mai tsaro na ƙarshe, ɗan tsibirin ne, ya karɓi aikin a 1919.

Katakon da ke ƙarƙashi

Wanda bai fahimci harsashin ginin nan ba, ba zai gane dalilin da ya sa aka ɗauke shi ba. Shugaban maginan, Dexter Stetson, ya so kafa turaku masu zurfi kamar yadda aka tsara, amma ya tarar yashin ƙasa ya daskare, turaku sun ƙi shiga. Sai ya sake dabara. Ya sa aka haƙa rami mai zurfin ƙafa 6, ana kwashe ruwan da ke ɓuɓɓugowa, aka shimfiɗa manyan katakai na itacen fayin, sahu a kan sahu a gicciye, aka jera duwatsu a kansu, sannan aka bar ruwan ya dawo ya rufe katakon.

Hikimar tana cikin ruwan. Ƙarƙashin tsibirin akwai ruwan daɗi, kuma katakon da ya nutse cikin ruwan daɗi, iska ba ta taɓa shi, yana iya shekara ɗari bai ruɓe ba. Haka kuwa aka yi: da aka tone shi a 1999 an same shi da ƙwarinsa. Amma da sharaɗi. Idan teku ya matso har ruwan gishiri ya maye gurbin na daɗi, tsutsotsin teku masu cin itace za su samu hanya. Idan kuma ruwan ya janye katakon ya sha iska, ruɓa ta kama shi. Ga kuma igiyar ruwa mai kwashe yashi daga gefe. Ma'ana, ba sai guguwa ta ture hasumiyar ba, ƙafarta ce za ta fara mutuwa. A 1870 babu wanda wannan ya dama, domin tsakaninta da ruwa akwai ƙafa 1,500.

Teku ya matso

Irin waɗannan tsibirai ba a zaune suke ba. Guguwa tana kwasar yashi daga gefen teku ta watsa shi ta bayan tsibirin, sai ga shi gabaɗayansa yana mirginawa yamma a hankali. Tun kafin a yi hasumiya haka yake yi. Ginin ne kaɗai ya tsaya cik.

Zuwa tsakiyar shekarun 1930 ruwa ya iso kusa da gindinta. A 1936 hukuma ta fid da rai, ta kafa wata hasumiyar ƙarfe can cikin daji, ta kashe ta bulon, aka miƙa ta ga hukumar da ke kula da gandaye da wuraren tarihi na tarayya. Matasan da gwamnatin Roosevelt ta ɗauka aiki a lokacin karayar tattalin arziki suka tara tuddan yashi a gaɓa, bakin ruwa ya ɗan ja baya, a Janairun 1950 aka mayar mata da haske.

A cikin shekaru 14 ɗin nan da aka bar ta ba mai tsaro ne ta yi asarar da ta fi min ciwo, kuma ba teku ne ya jawo ba. Masu zuwa kallo suka riƙa hawa suna ɓamɓare gilasan Fresnel suna tafiya da su gida don tunawa. Gilashin nan ya ga tarihi: shi ne na tsohuwar hasumiya, wanda 'yan tawayen Kudu suka cire a 1861 suka ɓoye, aka gano shi bayan yaƙi, aka kai shi Faris gyara, aka dawo da shi aka ɗora a sabuwar. Ya tsira daga yaƙi, bai tsira daga hannun masu sha'awarsa ba. Abin da ya rage yana gidan tarihin Maƙabartar Atlantika a ƙauyen Hatteras.

Daga nan aka shiga kokawa da ruwa. Wajen 1970, lokacin da tazarar ta koma ƙafa 120, wato ɗan abin da ya ɗara tsawon fuloti guda, sojan ruwa suka kafa katangu uku masu kutsawa cikin teku don su tare yashi, su kare sansaninsu da ke kusa, hasumiyar ma ta ci arziƙi. An yi ta tura sabon yashi. An jibge buhuna. Har ciyawar ruwa ta roba aka dasa a ƙasan teku da fatan za ta riƙe yashi. Kowace dabara ta sayi 'yan shekaru, guguwa ta zo ta karɓe. A 1980 wata guguwa ta share ragowar harsashin tsohuwar hasumiyar 1803, ruwa ya zagayo ta bayan katanga, sai da aka yi aikin gaggawa.

Gardama

A 1981 Hugh Morton, attajiri kuma mai ɗaukar hoto da jihar ta san shi, ya kafa kwamitin ceton hasumiyar. Ya haɗa Gwamna Jim Hunt da Sanata Jesse Helms, waɗanda ba sa ga maciji a siyasa, a kan magana ɗaya. 'Yan makaranta a faɗin jihar suka tara kuɗi. Matsayin Morton har ƙarshe shi ne a kare ta inda take.

Tsarin da aka fara amincewa da shi na injiniyoyin soja ne: a zagaye ta da ƙatuwar katangar kankare, in teku ya cinye gaɓar sai ta zama tsibirin kanta. Har an ware kuɗi. Sai wasu injiniyoyi da masana ƙasa suka ce a dakata, a duba yiwuwar ɗauke ta. Orrin Pilkey na Jami'ar Duke, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin irin waɗannan gaɓoɓi, yana cikin masu cewa katanga tana kare abin da ke bayanta ne kawai, tana kashe rairayin da ke gabanta, ta kuma tura zaizaya ga maƙwabta. Jihar kanta ta haramta irin wannan gini a gaɓarta tun 1985. Hukumar gandaye ta miƙa maganar ga Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa, kwamitinta ya auna hanyoyi 10, a 1988 ya ce mafita ita ce a janye ta baya.

Da an bi wannan shawara nan take, da an huta. Amma aka ƙara shekara 10 ana ja-in-ja, kuma bai dace a ɗauki masu adawa a matsayin marasa tunani ba. Hujjojinsu uku ne, kowace da nauyinta. Suna tsoron ginin bulo mai shekara fiye da ɗari zai tsage ya zube a hanya. Suna cewa hasumiyar da aka raba da bakin ruwa ta rabu da ma'anarta, domin kwarjininta yana cikin tsayuwarta gaba da gaba da igiyar ruwa. Ta ukun ba kullum ake faɗinta da ƙarfi ba, amma ita ce ta fi taɓa tuwon mutane: muddin hasumiya tana wurin, gwamnatin tarayya za ta ci gaba da kashe kuɗi tana riƙe gaɓar, gidaje da masaukan baƙi na Buxton suna fakewa a inuwarta. In ta tashi, wa zai gyara katangun? Don haka suka nemi a ƙara katanga ta huɗu, wadda ta fi arha nesa ba kusa ba.

A ganina masu cewa a ɗauke ta sun fi gaskiya, kuma dalilin shi ne katakon Stetson. Katanga tana iya tare igiyar ruwa, ba ta iya hana gishiri bi ta ƙarƙashin yashi. Misalai kuma suna nan: ta Cape Henlopen a jihar Delaware ta faɗa teku a 1926, ta tsibirin Morris kusa da Charleston tana tsakiyar ruwa, ba mai isa gare ta da ƙafa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Batun tsagewa ma an samu amsarsa a aikace, domin a 1993 an janye hasumiyar bulo ta tsibirin Block daga bakin gangare, a 1996 aka janye ta Highland a Cape Cod, duk lafiya.

Marc Basnight, jagoran majalisar dattawan jihar a lokacin, ɗan yankin ne, kuma da farko ba ya goyon bayan ɗaukewa. Ya nemi Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ta sake duba rahoton 1988. A 1997 malaman suka ce rahoton yana kan daidai, shi kuwa ya karɓi abin da ya nema a gaya masa, ya sauya matsayi. Wannan hali ya cancanci a ambace shi. A 1998 majalisar tarayya ta ware dala miliyan 9.8. Ƙaramar hukumar Dare da wasu masu kadarori suka garzaya kotun tarayya, kotu ta ƙi tsayar da aikin.

Yadda aka ja ta

Kamfanin International Chimney na Buffalo ya samu kwangilar, tare da Expert House Movers na iyalin Matyiko, su ne suka yi aikin Block da Highland. Ranar 1 ga Maris, 1999 aka kashe fitilar.

Aiki mafi haɗari an yi shi ne kafin a motsa ko taku ɗaya. Sai da aka raba hasumiyar da harsashinta tana tsaye. Aka tone kewayenta, aka zuƙe ruwa, aka sa zarto na waya mai ƙwayoyin daimon yana yanka dutsen. Ba a yi gaggawa ba: a yanke ɗan yanki, a fasa a fitar, a cusa turakun ƙarfe su karɓi nauyin, sannan a matsa gaba. Haka aka bi har aka fitar da dutse kimanin tan 800, hasumiyar ta koma kan ƙarfe zalla, mutum na iya sunkuyawa ya hango haske ta ɗaya gefen.

Sai aka zura manyan ƙarafa ta ƙarƙashi, ɗauke da jak 100 masu aiki da matsin mai. An kasa su rukuni uku, kowane rukuni bututunsa a haɗe, matsinsa ɗaya. Duk macen da ta taɓa girki a murhu ta san dalili: tukunya a kan duwatsu uku ba ta rawa, ko da ƙasa ba ta daidaita ba. In wani gefen hanya ya ɗan lotsa, jak ɗin wajen sai su miƙe su cike giɓin, ginin bai ji komai ba. Da su aka ɗaga hasumiyar kimanin ƙafa 6, aka shimfiɗa ƙarafan hanya kamar na dogo, aka sa ƙarafa masu mirginawa a tsakani. An liƙa mata na'urorin awo 60 masu lura da karkata da girgiza da buɗewar tsaga.

Daga baya wasu jak 5 suke turawa, kowace turawa ƙafa 5. A tura, a tsaya, a kwance jak a sake ɗaure su gaba, a tura. Ƙarafan da aka wuce sai a kwashe su a kai gaba a sake shimfiɗawa. Don tafiyar ta yi sulɓi, ma'aikata suka riƙa durƙusawa suna goga sabulun wanka na Ivory a kan ƙarafan da hannu. Tan 4,830 a sama, mutum a ƙasa da sabulu. Da hannu ya faɗa, akwai ranar da aka yi ƙafa 355, aka kuma gama makonni kafin wa'adi. Aka sauke ta a kan sabon harsashi na kankare da bulo, ƙafa 1,600 daga ruwa, kusan tazarar da Stetson ya bar ta.

Ba ita kaɗai aka kwasa ba. Gidan babban mai tsaro, gidan mataimakansa, ɗakin ajiyar mai da tankunan ruwa duk an kai su, an ajiye kowanne a irin kusurwa da nisan da yake da hasumiyar a da. Wannan shi ne amsar masu aikin ga hujjar nan ta rabuwa da ma'ana: in ba a iya riƙe ƙasar ba, a riƙe tsarin gidan da alaƙarsa da teku. Jimillar kuɗin ta kai dala miliyan 11.8.

Ƙarshen Agusta, makonni kaɗan da gamawa, guguwar Dennis ta zo ta yi kwanaki tana dukan gaɓar Hatteras, Floyd ta biyo bayanta a Satumba. Ranar 13 ga Nuwamba aka sake kunna fitilar, tana walƙawa duk bayan daƙiƙa 7.5. A 2000 ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta ba aikin babbar lambarta ta shekara.

Abin da aka bari a baya

Masu tsoron tsagewa ba su yi daidai ba. Masu tsoron makomar Buxton kuwa, maganarsu ba ta faɗi ƙasa ba. Bayan tashin hasumiyar katangun uku sun ci gaba da lalacewa, teku ya ci gaba da cin gaɓa. A 2023 zaizaya ta tono ragowar tsohon sansanin sojan ruwa, da kankare da warin mai, har aka rufe wani sashen bakin tekun. Tun 2020 gidaje ke faɗawa ruwa a Rodanthe, can arewa a tsibirin, a kakar 2025 kuma abin ya iso Buxton kanta. Ba ɗauke hasumiyar ne ya kawo zaizayar ba, amma an nuna cewa gwamnati tana iya ɗaukar abin tarihi ta gudu da shi, mai gida kuwa sai dai ya ji da kansa. Wanda zai yaba aikin 1999, kamar yadda nake yabawa, ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Ita ma hasumiyar, janyewa bai raba ta da iskar gishiri ba. Ƙarafan matattakala da na baranda da tagogi sun ci tsatsa, aka rufe hawa, aka ba da kwangilar gyara ta dala miliyan 19.2 a 2023. Cikin aikin har da sa sabon gilashi mai kamannin na Fresnel, da fitilar zamani a cikinsa, a madadin wanda aka ɓamɓare. Jiragen yau da tauraron ɗan'adam suke gane hanya, amma hasken yana cikin alamomin da dakarun tsaron gaɓa suke kula da su.

A tsohon wurin, an ɗauki wasu daga duwatsun harsashin da aka yanke aka jera su da'ira daidai inda hasumiyar ta tsaya, aka sassaƙa sunayen masu tsaro 83 a jikinsu. A Mayun 2001 jikoki da tattaɓa-kunnen mutanen nan suka taru daga sassan ƙasar, kowa yana neman sunan kakansa a dutse. Ba a daɗe ba guguwa ta fara binne da'irar da yashi, a tone, ta sake binnewa. Daga bisani su ma duwatsun aka kwashe su aka kai kusa da sabon mazaunin, aka jera su wurin zaman masu ziyara. Katakon Stetson ne kaɗai aka bari inda ya shimfiɗa shi, ƙarƙashin yashi, a bakin ruwa.